Muna Auna Tsawo, Muna Koyon Zane: Littafin Aikin Ajin CM1

Laraba, 6 ga Nuwamba, 2024

Bana an yi lattin komawa lakkol. Ambaliya ta sa gwamnati ta ɗage ranar daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, don haka kowane malami a Maradi gudu yake yi da manhaja. Duk da haka na roƙi Direkta ya bar mini awar ƙarshe ta safiyar Laraba in yi wani aiki da ajina na CM1, wato aji biyar na firamare, ya kuwa yarda, bisa sharaɗin kada kalkil, wato lissafi, ya sha wuya. Na ce masa ai wannan ma kalkil ne.

Ga aikin: za mu auna tsawon kowane yaro a wannan wata, mu sake aunawa a watan Mayu, a tsakani kuma mu koyi garafik, wato zanen da ake ɗora alƙaluma a kai da ɗigo da layi. Yaranmu suna iya karanta jadawali in ka ba su, amma da zarar alƙaluman sun koma zane sai su tsaya suna kallonsa a matsayin ado. Misalan da muka saba kawowa, ruwan sama na wata-wata da farashin buhun hatsi, ba su da laifi, sai dai ɗan shekara 10 bai damu da su ba. Tsawonsa kuwa ya dame shi. Babu ranar da ba na ganin yara biyu sun haɗa baya a tsakar gida, na uku yana raba gardama da tafin hannu.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Ajinmu na kara ne, ƙasan yashi, babu inda za a jingina yaro ya miƙe. Mun aro bangon ajin CM2, wato aji shida, wanda yake na siminti, muka shimfiɗa faffaɗan katako a gindinsa saboda daɓen ya farfashe.

Wata yarinya ta kawo tef ɗin ɗinki na mahaifiyarta, ni kuma na aro na ƙarfe wurin wani magini a unguwar Zariya. Na sa suka shimfiɗa su biyu gefe da gefe a kan benci. Kan na telan ya yi daidai da na maginin, amma kafin a kai mita ɗaya sun rabu, don tsohon tef na leda ya sha ja ya buɗe. Yara suka yi ta mamaki wai abin awo ma yana ƙarya. Da na ƙarfen muka yi wa bango zane, santimita bayan santimita.

Dokokin awo suna kan tabulo, allon aji: a cire takalmi, dugadugai da baya da ƙeya su taɓa bango, ido ya kalli gaba ba sama ba. A kan kai sukwaya irin ta kafinta muke ɗorawa, ba hannu ba, domin hannu karkacewa yake yi ya bi son zuciyar mai shi. Yara uku ke aikin, mai riƙe sukwaya, mai karantawa, mai rubutawa, kuma sau biyu ake auna kowa. In awo biyun sun bambanta da fiye da rabin santimita sai a yi na uku. Ƴan mata Madam ta CE2, malamar aji huɗu, ce ta tsaya a kansu a cikin aji, saboda hijabi da ɗankwali. Masu tudun kitso ta yi musu alama a gefen kaye, wato littafin rubutu.

Kowa ya samu lamba. A takardun da za mu liƙa a bango lamba ce za ta fito, suna ba zai fito ba.

Laraba, 20 ga Nuwamba

An gama girbi, kara ya wadata, sai na yi shawarar kowane yaro ya yanko kara daidai tsawonsa mu jera a bango, su ga zanen sanduna da idonsu kafin su zana shi. Ina cikin faɗa wa Madam, maigadinmu yana zaune a bakin ƙofa yana gyaran rediyonsa. Ya ɗago kai ya kira ni yadda ake kiran malami namiji a lakkol, ya ce, "Mushe, mai rai ba a auna shi da kara."

Na ce, "Baba, ai darasi ne."

Ya ce, "Na ji. To ka tura yaro gida ya ce wa uwarsa an yanka masa kara daidai tsawonsa, ka ga ko gobe zai dawo."

Da kara ake ɗaukar awon mamaci a kai wa masu haƙar kabari, kowa ya san wannan. Sai muka sauya dabara, kuma abin da ya fito ya fi na farkon amfani. Kara ba zai taɓa jikin kowa ba. Yaro zai dubi lambar tsawonsa a kaye, ya raba ta gida 10, ya yanki sillen kara daidai abin da ya samu: mai santimita 135 zai yanki santimita 13 da rabi. Muka manna sillayen da ƙaro a kan kwali, gindinsu duk a layi ɗaya, daga gajere zuwa dogo. Ta haka ma'auni ya shiga kansu ba tare da na yi dogon bayani ba, cewa santimita ɗaya a kwali yana wakiltar 10 a jiki. Wani yaro da ya yanka nasa da ƙari, don ya ɗara abokinsa, ƴan bencinsu ne suka tona shi da rula.

Laraba, 4 ga Disamba

Yau layin kwance da layin tsaye. Shekaru a kwance, tsawo a tsaye. Gidajen kayen da muke amfani da shi milimita 8 ne, ba santimita ba, don haka da gida muke ƙirga: gida ɗaya santimita 5 a tsaye, gida biyu shekara ɗaya a kwance. Abin da ya fi ba su wahala shi ne barin tazara iri ɗaya tsakanin lambobi. Yaro zai rubuta 120, 125, sai ya tsallake zuwa 140 saboda ba kowa a tsakani. Sai da na sa suka yi ta taka layin da ƙafa a tsakar gida, taku ɗaya biyar, kafin ya zauna.

Babbar matsalar tana wajen shekaru. Da muka ɗauko rajista, yara da dama ranar haihuwarsu 1 ga Janairu ce. Ba wai an haife su ran nan ba ne: waɗanda ba a yi wa takarda a lokacin haihuwa ba, sai daga baya aka nema musu wurin alƙali, galibi ranar da ake sa musu ke nan, shekarar ma wani lokaci kintace ce. A kan zane ɗigoginsu suka hau kan juna a layi ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Wata yarinya ce ta fara lura, ta ce, "Mushe, waɗannan duk tagwaye ne?" Muka yanke cewa mai tabbataccen kwanan wata ɗigo cikakke za a yi masa, wanda ake shakka kuma ɗan da'ira mai rami. Na ba su aikin gida su tambayi iyaye mata: da damina ne ko da ɗari, kafin sallar layya ko bayanta. Uwa ba ta cika manta wannan ba.

Laraba, 11 ga Disamba

Mun fita fili, na ja layuka a ƙasa, kowane layi na santimita 5, kowa ya shiga inda tsawonsa ya faɗa. Na sa su hau benci bi da bi su leƙo. Layukan tsakiya sun yi tsawo, na gefe biyu mutum ɗaya ko biyu. Suka koma aji suka zana abin da suka gani. Ya tafi lafiya, sai ƙurar hunturu da ta kore mu da wuri.

Laraba, 15 ga Janairu, 2025

Na kawo musu alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya, tsawon yaron da ke tsakiya a kowace shekara. Maza: santimita 49.9 ranar haihuwa, 75.7 a shekara 1, 87.8 a shekara 2, 110 a shekara 5, 137.8 a shekara 10, 149.1 a shekara 12, 163.2 a shekara 14, 176.5 a shekara 19. Mata: 49.1, sai 74, 86.4, 109.4, 138.6, 151.2, 159.8, sai 163.2 a ƙarshe. Maza da shuɗin bik, mata da ja, a takarda ɗaya.

Kafin su zana na tambaye su a wace shekara mutum ya fi saurin girma. Kusan duka suka ce lokacin balaga, don shi suke gani a jikin yayyensu. Da suka haɗa ɗigon sai ga layin ya tashi tsaye tun daga farko, kamar hatsi bayan ruwan Agusta, sannan ya fara kwanciya. Suka yi ragi da kansu: jariri yana ƙara wajen santimita 25 a shekararsa ta farko, 12 a ta biyu, daga shekara 5 zuwa 10 kuwa bai wuce 5 da rabi da ɗan abu a shekara ba. Na ce to da a ce saurin shekarar farko bai ragu ba, nawa za ku kai yanzu? Wani ya buga a ardwaz, ɗan allonsa, ya ce mita 3. Aji ya fashe da dariya, ana ta nuna rufin rumfa.

Sai kuma rigima ta tashi. Jan layi ya haye shuɗi tun wajen shekara 10, ya zauna a samansa har kusan 13, kafin shuɗin ya sake wucewa. Maza suka ce na yi kuskuren kwafi. Na ce su waiwaya su dubi benci na baya, inda manyan ƴan matan ajin suke. Mata sukan riga maza shiga saurin girman balaga da kimanin shekara 2, su kuma riga su tsayawa. Ƴan mata ba su bar zancen ba har aka tashi.

Laraba, 29 ga Janairu

Wannan ranar na daɗe ina jinkirta ta. Muka ɗora ɗigon ajinmu a kan layin Hukumar, kuma kamar yadda na zata, mafi yawansu a ƙasan layin suka faɗo. Aji ya yi tsit. Wani yaro mai kaifin baki ya ce, "Mushe, ai wannan layin Turawa ne."

Yana da rabin gaskiya, na kuma faɗa masa haka. Ɓangaren shekara 5 zuwa 19, wanda Hukumar ta fitar a 2007, an gina shi ne a kan tsofaffin awon yaran Amurka. Amma na ƴan ƙasa da shekara 5, wanda ya fito a 2006, daga wani bincike ne da aka yi tsakanin 1997 da 2003 a kan yara sama da 8,000 a ƙasashe shida: Ghana, Indiya, Oman, Barazil, Norwe da Amurka. An zaɓi yaran da suka sha nonon uwa, suka samu abinci da kulawar lafiya, sai aka tarar tsawonsu kusan ɗaya ne ko a Accra ko a Oslo. Wato a shekarun farko ba launin fata ke raba tsawon yara ba, abin da ya shiga ciki ne da cututtukan da jiki ya yi fama da su.

Na kuma tuna musu cewa layin na tsakiya ne. Ko a cikin yaran da aka yi shi da su, rabi suna ƙasa da shi. Zama a ƙasan layi ba ciwo ba ne. Gado ma yana da babban rabo, ɗan gajerun iyaye ba a sa ran ya zama zanƙalele. Ban ga alamar maganar ta kwantar wa kowa da hankali ba, amma ba zan ɓoye musu zanen don in faranta musu rai ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Wata malamar asibiti daga CSI, ƙaramin asibitin unguwa, ta amsa gayyatarmu, ta zo da allon awon jarirai da ɗan maɗaurin nan mai kala uku da ake naɗa wa yaro a damtse. Ta nuna musu cewa wanda bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi, mutum biyu, ɗaya ya riƙe kai ɗaya ya danne gwiwa, kuma awon kwance yana ɗara na tsaye da santimita 0.7. Da ɗiyar roba ta yi gwajin. Maɗaurin kuwa in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani.

Ta raba musu abu biyu da ake yawan haɗawa. Rama tana zuwa da sauri, tana kuma tafiya in an yi magani. Tsumburewa a hankali take shiga, cikin kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2, kuma tsawon da aka rasa a wannan lokaci da wuya ya dawo duka. A Nijar fiye da yara 4 cikin 10 ƴan ƙasa da shekara 5 suna da ita, jihohin Maradi da Damagaram kuma suna cikin inda ta fi yawa. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, jihar da ke noma hatsi da wake da gyaɗa har a fitar waje. Na tambaye ta a gaban yara, ta ce, "Mushe, ba cikar rumbu kaɗai ba ce. Kunu zalla, yaye da wuri saboda sabon ciki, zawo, zazzaɓin cizon sauro, ruwa marar tsabta, duk suna cin tsawon yaro."

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce kakarta ta hana a tsallake ƙaninta in yana kwance, wai ba zai yi tsawo ba. Malamar asibitin ta yi murmushi ta ce a ci gaba da bin maganar kaka, don tsallake yaro ba ladabi ba ne, amma a ƙara masa da wake da zogale a abinci.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Darasin yaudara. A 2016 wata babbar ƙungiyar masu bincike ta fitar da awon manya na ƙasashen duniya, daga waɗanda aka haifa a 1896 zuwa na 1996. Mazan Holan ne suka fi tsawo, santimita 182.5, na Timor ta Gabas suka zo ƙarshe da 159.8. Na raba aji biyu. Rabi suka fara layin tsaye daga sifili, rabi daga 155. A takardar farko sandunan biyu kusan kai ɗaya. A ta biyu ɗan Holan ya ninka ɗan Timor kusan sau 6. Alƙaluma ɗaya, hoto biyu. Yanzu duk zanen da aka nuna musu, abin da suke fara nema shi ne inda layin tsaye ya soma.

Daga wannan binciken muka zana matan Koriya ta Kudu, waɗanda suka ƙaru da santimita 20 cikin shekara 100. Jini bai sauya ba a wannan ɗan lokaci, abinci da lafiya ne suka sauya. A wasu ƙasashen Afirka kuwa, irin su Ruwanda da Uganda da Saliyo, layin ya hau har zuwa haihuwar shekarun 1960, daga nan ya juyo ƙasa. Yara ba su taɓa zaton layin ƙasa guda zai iya saukowa ba.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi, ga zafi ya fara, ba na tsawaita komai. Na ba su labarin wani Bafaranshe, Montbeillard, da ya riƙa auna ɗansa duk bayan wata 6 tun daga haihuwarsa a 1759 har 1777. Awonsa ne mafi daɗewa da aka sani na bin yaro guda daga jariri zuwa saurayi, kuma har yau ana koyarwa da shi. Abin da na so su ɗauka shi ne tazarar da ya bari. Tun Disamba suke damuna a sake awo kowane mako. Muka yi lissafi tare: santimita 5 ko 6 a shekara bai wuce rabin santimita a wata ba, kuskuren hannunmu kuma ya kai haka. Wanda ya auna kowane mako rawar sukwaya zai zana, ba girma ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Yara kaɗan da ke kusa da lakkol suka zo da sassafe aka auna su, suka dawo bayan la'asar aka sake. Dukansu sun ragu, wajen santimita ɗaya. Ɗaya daga ciki har ya tsorata. Tsakanin ƙasusuwan gadon baya akwai faifai masu laushi da ke matsewa in mutum ya wuni a tsaye, su kumbura in ya kwana. Awon Nuwamba da hantsi muka yi shi, don haka na Mayu ma da hantsi za a yi, a bango ɗaya, a kan katako ɗaya. Katakon yana ɗakin maigadi, na roƙe shi kada ya shiga murhu.

Laraba, 14 ga Mayu

Awo na biyu. Kowa ya sa sabon ɗigo kusa da na Nuwamba ya haɗa su da rula, a karon farko ke nan da kowane yaro ya samu layin kansa. Na hana tambayar wa ya fi tsawo. Tambayar yau ita ce layin wa ya fi miƙewa sama.

Mafi yawa sun ƙaru da santimita 2 zuwa 3, daidai da abin da muka lissafa. Wasu manyan ƴan mata layinsu ya fi na kowa tashi, su ne suka shiga saurin balaga. Yaron da ya fi kowa gajarta a ajin, wanda tun Janairu ya daina ɗaga hannu, na sa ya ɗora rularsa a kan layinsa, sannan ya zame ta sama a hankali har ta kai layin Hukumar. Karkatarsu ɗaya. Yana ƙasa, amma saurin girmansa bai gaza na kowa ba. Ya maimaita abin da kansa, ya kira na kusa da shi ya nuna masa.

Masu ɗan da'ira mai rami ma sun amfana, domin karkatar layi ba ta buƙatar ranar haihuwa, wata 6 wata 6 ne ga kowa.

Akwai yara biyu da layinsu ya kwanta, kusan babu ƙari. Muka sake auna su bayan an tashi, abin bai sauya ba. Wata 6 bai isa a yanke hukunci ba, ni kuma ba likita ba ne, don haka ban ce komai a aji ba. Na je gidajen da yamma. A gida ɗaya uwar ta ce yaron ya sha fama da zazzaɓi da ciwon ciki tun ɗari. Na ce, "Inna, ki daure ki kai shi CSI, ki tafi da wannan takardar ki nuna wa malamar asibitin." Ta karɓa ta soke a cikin karne, wato katin awonsa na jarirai, wanda har yanzu tana ajiye da shi a kwalla.

Laraba, 4 ga Yuni

Mun kwafe komai a babban kaye guda: lamba, ranar awo, lokacin awo, wanda ya auna, da alamar kitso. Takardar da ke haɗa lamba da suna tana ofishin Direkta. Malamin CM2 ya yarda ya ci gaba da su, awo na uku a watan Nuwamba, domin a samu shekara cikakkiya. Madam ta CE2 tana so ta fara da nata ajin, sai dai yaranta ba su kai ga rabawa da 10 ba tukuna, za mu nemo mata wata hanyar yin ma'auni.

Abin da ya rage kafin hutu: a bi zanen bango da fenti kafin ruwa ya wanke shi, a mayar wa magini tef ɗinsa, a kuma ci gaba da bin iyayen da ba su aiko da lokacin haihuwa ba. Ɗaya daga cikin yara biyun nan an kai shi asibiti, an ba shi maganin tsutsar ciki da na ƙarin jini. Na biyun mahaifinsa ya tafi Katsina fatauci, uwar ta ce sai ya dawo.